Makarantar kurame ko ta unguwa: ina za a kai ta?

Maman Hibba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka. 'Yata ce, shekararta biyar. Tana da shekara biyu sanƙarau ya kama ta, Allah ya tashi kafaɗunta amma jin ya tafi. 'Yan kalmomin da ta fara, su "Umma" da "ruwa", a hankali duk suka zube. Bana na sa ta a wata nazare mai zaman kanta kusa da gida, da zango ya ƙare shugabar makarantar ta ce in yi haƙuri, ba su da malamin irinsu. Babanta ya ce a kai ta firamaren unguwa tare da yayyenta. Ƙanwata ta ce makarantar kurame. Kakarta kuma ta ce a bar ta a gida tukuna, baki zai buɗe, wai in aka koya mata maganar hannu shi ke nan ba za ta ƙara magana ba. A Kano muke. Ni kaina ya ƙulle.

Sista Ladi: Wa'alaikumus salam Maman Hibba, Allah ya raya ta. Kafin a shiga zancen makaranta, an yi mata gwajin ji na asibiti, wanda ake ba da takarda mai zane? Ban da na gida da ake buga murfin tukunya a bayan yaro a ga ko zai waiwayo. Wannan yana yaudara, yaro kan ji girgizar a jikinsa ko ya hangi inuwarki.

Maman Hibba: Ba a yi ba Sista. Wani mai shago dai ya nuna wa babanta na'urar da ake maƙalawa a kunne, muna tunanin saye.

Sista Ladi: Don Allah ku dakata. Da sakamakon gwaji ake saita na'urar, kowane kunne da nasa, a kuma auna ramin kunnen a yi mata abin da zai zauna daidai, wanda za a riƙa sakewa tana girma. Wadda ba a saita ba, ko ta zama ado, ko ta yi ƙarar da za ta illata ɗan jin da ya rage. Ku je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, ku tafi da katin asibitin da aka kwantar da ita. Kurumtar sanƙarau sau da yawa mai zurfi ce, wani lokaci na'urar ba ta wadatarwa. Akwai aikin dashe da ake yi a cikin kunne, kuɗinsa miliyoyi ne, kuma bayan sanƙarau ƙashi kan cike wurin in aka daɗe, shi ya sa ake son dubawa da wuri. Takardar gwajin ita ma za ta yi miki amfani a duk makarantar da kika je.

Nazifi: Salamu alaikum. Na ga Hajiya Goggo ta turo saƙon murya. Wani ya taimaka ya rubuta, ni ba na ji.

Shugabar Zaure: Ga abin da Hajiya ta ce: "'Yata Maman Hibba, ni ban san boko ba amma na raini 'ya'ya da jikoki. Yarinya mace 'yar shekara biyar, wadda ko cutar ta aka yi ba ta iya faɗa, ki ɗauka ki kai makarantar kwana? Wa zai yi mata tsifa, wa zai lura in zazzaɓi ya taso mata cikin dare? Ki bar ta ta bi yayyenta, ko ba ta ji ai ido na gani. Kuma islamiyyarta fa?"

Nazifi: Na gode Shugaba. Hajiya, Allah ya ƙara girma, tsoronku gaskiya ne. Amma ku ba ni dama tunda abin a jikina yake. Sanƙarau na 1996 da ya yi ɓarna a Kano da sauran Arewa shi ya tafi da jina ina aji uku na firamare. Da yake na riga na iya magana da ɗan karatu, aka mayar da ni ajinmu. Zaman da kuke cewa ta yi cikin 'yan'uwanta, ni na yi shi. Bakin malam nake kallo, da zarar ya juya allo yana rubutu yana bayani, darasi ya ƙare a wurina. In leƙa littafin na kusa da ni in kwafa, ban san me nake kwafa ba. Aji ya tuntsire da dariya ni ma in yi, don kada a gane. Ranar da aka sauya lokacin jarrabawa da baki aka sanar, kowa ya sani ban da ni. Kuma ni da harshena a kaina tun kafin ciwon. Hibba da kalmominta suka zube tana shekara biyu, me za ta karanta a leɓen malam? Maman Hibba, ki tsaya gaban madubi ki ce "Baba" ki ce "Mama" ba murya. Iri ɗaya za ki gani. K da ƙ da g kuwa can ƙuryar baki suke, ido bai kai nan ba.

Batun Kaka kuma, ki lallaɓa ki faɗa mata maganar hannu ba ta toshe baki. Rashin ji ne ya ɗauke maganar. Abin tsoron shi ne yaro ya kai shida, bakwai, takwas ba shi da kowane irin harshe da zai tambayi me ya sa, ko ya ce wane ya taɓa ni. Waɗannan shekarun in sun wuce da wuya a rama su. Na ga yaran da aka kawo makaranta suna shekara goma sha biyu ba su san suna da suna ba.

Maman Hibba: Innalillahi. Wallahi yanzu na gwada madubin.

Malam Auwalu: Sannunku. Wannan fannin na karanta a Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo, ina kuma koyarwa a makarantar gwamnati. Bari in shimfiɗa yadda tsarin yake don iyaye da yawa a nan ne suke ɓata. Akwai makarantu na musamman da jihohi ke riƙe da su: Tudun Maliki a nan Kano mai ɗaukar kurame da makafi, ta Abdulrashid Adisa Raji a Sakkwato, ta kurame a Malumfashi, wata a Haɗeja, akwai a Kaduna da Bauchi, a Abuja kuma ta kurame a Kuje da ta makafi a Jabi. Sai makarantar kowa-da-kowa da aka ware wa aji ko malami na musamman, waɗannan ba su da yawa. Sai kuma a zaunar da yaro a aji kawai ba tanadin komai, wanda shi ne abin da Nazifi ya ba da labari, kuma shi ne mafi yawa.

Hajiya, ba dole ne makaranta ta musamman ta zama kwana ba. Tunda a cikin gari suke, Maman Hibba ta je da ƙafarta ta nemi jeka-ka-dawo. Ta je ranar karatu, ta leƙa ajin ƙanana, ta ga ko malamar hannunta na motsi da gaske ko baki take ta yi, ta ga banɗaki, ta tambayi wa ke kula da mata.

Abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba: maganar hannu biyu ce a garin nan. Akwai ta gargajiya da kuramen ƙasar Hausa suka gada a tsakaninsu, a kasuwa da majalisa. Akwai ta makaranta, wadda asalinta daga Amurka take. Wani baƙar fatar Amurka kurma, Andrew Foster, shi ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya zo Ibadan a 1960, daga nan ta bazu. Ita ake koyarwa, da Turanci ake rubutu. To sai yaro ya dawo hutu da hannun makaranta da Turanci, uwa kuma Hausa kaɗai, su zauna suna kallon juna. Saboda haka duk inda kuka kai ta, gidan ma sai ya shiga aji.

Nazifi: Malam ya taɓo inda ke min ciwo. A kan tabarmar cin abinci kowa na hira, in ka tambaya a ce "ba komai". Wannan "ba komai" ɗin ta fi dukan malam zafi. Maman Hibba, ƙungiyar kurame tana da reshe a jiha, ki neme su, matansu za su koya muku. A fara da yayyenta, yara sun fi saurin ɗauka. Hajiya, batun addini ma ta nan ne. Sai an sami harshen da za a yi mata bayani kafin ta san me take yi in ta kalli gabas. Akwai kurame da suka yi karatun addini suna koyar da shi da hannu.

Barista Zainab: Ban ƙi ta Nazifi ba, amma kada a bar waccan nazaren da ta sallami Hibba ta tafi salin alin. Dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, a sashe na 17 ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kyauta har sakandare. Sashe na 18 ya ce makarantun gwamnati su zama na kowa, kowace ta sami aƙalla ƙwararre ɗaya da kayan aiki, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu a manhaja. Wanda ya nuna wariya, in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan ɗaya. Dokar ce ta haifar da Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa a 2020. Kano da Kaduna da Jigawa da Filato kuma suna da dokokinsu na jiha, kuma firamare a hannun jiha da ƙaramar hukuma take. In duk muka kwashe 'ya'yanmu muka kai makaranta ta musamman, yaushe ta unguwa za ta gyaru?

Nazifi: Barista, ki ƙarasa zuwa sashe na 20 mana. Ya ce a koyar da makafi da kurame da harshe da hanyar da ta fi dacewa da su. Ina malamin a firamaren unguwarsu? In yana nan, ni zan fara cewa a kai ta.

Barista Zainab: Ba ya nan saboda ba mai nema. Ƙananan hukumomi 44 ne a Kano. Yaron da ke Doguwa ko Kunchi fa, uwarsa ta yi jeka-ka-dawo zuwa Tudun Maliki? Ko ya yi kwana tun yana ƙarami ko ya zauna a gida, daga nan sai bara. Makarantun nan ƙalilan ba za su taɓa ɗauke yaran jiha guda ba.

Nazifi: Gaskiya ne. A yi fafutukar, ni ma ina ciki. Amma ba da ƙuruciyar Hibba za a yi gwajin ba. Kafin takardarki ta fito daga ofis ta shekara tara.

Malam Auwalu: Ku biyun a hanya ɗaya kuke, tazara ce ta bambanta. Abin da zan ƙara wa Barista: kuɗin ma akwai gurbinsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, a cikin wannan kuma kashi 2 cikin ɗari na yara masu buƙata ta musamman ne, ta hannun SUBEB, takwararta ta jiha, yake bi. Kaɗan ne ƙwarai, amma akwai jami'in da ke riƙe da wannan teburin, kuma galibin iyaye ba su san da shi ba. Sannan BUK da Jami'ar Jos duk shekara suna yaye waɗanda suka karanci fannin. Wasunsu suna nan a firamare an ba su lissafi ko Turanci, ba wanda ya tambaye su me suka karanta.

Malam Isuhu: Salamu alaikum. Waya ce ke karanta min saƙonninku, don haka ina roƙo, kamar yadda ɗan'uwana Nazifi ba ya son murya, ni ma a daina turo hoton takarda. A yi rubutu, mu duka mu huta. Ina so iyaye su gane ba a yi wa naƙasa kuɗin goro. Mu makafi muna jin malam sarai, abin da muke buƙata shi ne hannu ya iya karatu da sanda ta iya hanya. Ni firamare na yi a makarantar makafi. Ɗigo shida ne kacal a kowane gurbi, da su ake haɗa duk haruffa. Ka sa takarda mai kauri a allon rubutu, ka riƙa huda ta da tsinke daga dama zuwa hagu, ka juya ta, sannan yatsa ya bi tudun daga hagu zuwa dama. Da na ƙware, sakandare da masu ido na yi, kuma nan na fi ƙaruwa, don a cikinsu zan yi rayuwa. Wannan ba sabon abu ba ne a Arewa, tun 1953 aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri. Don haka a kan makaho ina bayan Barista, da sharaɗin a fara ba shi rubutunsa. A kan kurma, Nazifi ya fi ni sani.

Ga masu manyan yara: tun wajen rajistar WAEC ko NECO ake sanar da larurar, don a tanadi takarda da rubutun makafi ko manyan haruffa da ƙarin lokaci. In aka bari sai ranar jarrabawa, an makara. JAMB ma tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawa, akwai cibiya a Kano. Zabiya da masu raunin gani kuwa sau da yawa ba su buƙatar barin makarantarsu: kujerar gaba, nesa da hasken taga, rubutu mai girma, tabarau daga asibiti.

Baban Sadik: Ina ta karantawa na yi shiru. Ku duk kuna da inda za ku. Mu fa? Ɗana shekararsa bakwai, yana ji yana gani, likita ya ce galahanga ce, wato autism. Ba ya haɗa ido, maganarsa maimaita abin da ka faɗa ne. Zai jera marafen lemo a layi tun daga ƙofar ɗaki har bakin rijiya, ka gusar da ɗaya gidan ya kama da wuta. Maƙwabta su tayar da injin markaɗe ya toshe kunne yana ihu. Makarantun da muka gwada kuɗinmu suke mayar mana. Cibiyoyin kuɗi kuwa, abin da suke nema a zango ya fi albashina na wata da wata.

Abu Ammar: Baban Sadik, an gwada ruƙiyya kuwa? Wani abin ba na asibiti ba ne.

Baban Sadik: Akhi, ba abin da ba a yi ba.

Sista Ladi: Addu'a ba mai hanawa Malam Abu Ammar, mu ma da ita muke shiga aiki. Abin da muke gani a asibiti ne ke sa mu magana: yaron da aka rufe a ɗaki da hayaƙi, wanda aka zane wai ana dukan aljani, wanda aka sa wa mari. Wannan cutarwa ce. Baban Sadik, ko da yana ji a yi masa gwajin kunne a cire shakka. Ka kuma lura ko yana ɗaukewa na ɗan lokaci ido a kafe, don farfaɗiya kan haɗu da wannan larurar, kuma tana jin magani. Likitan yara zai iya tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwar yara da masu koyar da magana, a Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

Malam Auwalu: Baban Sadik, ba zan yi maka daɗin baki ba, nan ne tsarinmu ya fi rauni. Makarantun gwamnati na musamman a Arewa galibi don kurame da makafi aka gina su. Yaro irin Sadik, ko mai jinkirin fahimta, ko wanda doguwar naƙuda ko shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, shi ne ke faɗawa tsakani. Abin da na ga yana aiki: ka bar neman babbar makaranta, ka nemi malama ɗaya mai haƙuri a aji marar cunkoso. A fara da awa ɗaya a rana, wani na gida ya zauna kusa da shi. A liƙa masa hotuna a jere, na jaka, na aji, na hutun tara, na gida, ya san me ke biye, don bazata ce ke tayar masa da hankali. Marafen nan kuma kada a raba shi da su, da su za a koya masa ƙirga da launi.

Maman Amir: Ina bin ku daga Amurka. Nan tun 1975 doka ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar irin yaran nan. Ana zama da iyaye a rubuta wa kowane yaro tsarinsa, abin da ake son ya cimma da taimakon da za a ba shi, a sake dubawa duk shekara. Ko nan ɗin ma sai uwa ta tsaya tsayin daka.

Baban Sadik: Hajiya, nan aji ɗaya yara sun fi ɗari, wasu a ƙasa suke zaune. Wa zai zauna ya rubuta wa ɗana tsari?

Malam Auwalu: Kai za ka rubuta, ba ya cin dala. Shafi ɗaya: abin da Sadik ya iya, abin da ke harzuƙa shi, abin da ke kwantar da shi, sai abu uku da ake so ya iya kafin ƙarshen zango. Misali ya zauna minti goma, ya nuna hoton banɗaki in ya matsu, ya amsa sallama. Ban da "ya iya karatu", wannan ba ya aunuwa. Kai da malama da hedimasta kowa ya riƙe kwafi, ƙarshen zango ku zauna ku duba.

Barista Zainab: In kuma firamaren gwamnati ta ƙi karɓa, kada ka tsaya cacar baki a bakin ofis. Ka rubuta wa hedimasta takardar neman gurbi, ka ba shugaban SBMC, kwamitin al'umma mai kula da makarantar, kwafi, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. In shiru, ka kai wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan SUBEB. Ku haɗu iyaye da yawa a unguwa ɗaya ku nemi a turo malamin da ya karanci fannin, ya fi a ce mutum ɗaya ne. "Ba mu da malamin irinsu" da baki ake faɗinta, ba mai yarda ya rubuta ta ya sa hannu.

Baban Sadik: To, zan gwada. Takardar likita dole ce a haɗa? Ba na son a liƙa masa suna tun kafin su gan shi.

Malam Auwalu: Ga hedimasta da malama, shafinka ya fi amfani, ka je da yaron su gan shi da idonsu. Ta likita ka ajiye wa Sakataren Ilimi da SUBEB, su da takarda suke aiki. Kwafi za ka bayar, ta asali ta zauna a gida.